Shekarar da Aka Yi wa Itatuwan Baba Alƙasum Kwalliya

Duk wanda ya taɓa kwana a layinmu na bayan tasha, nan cikin garin Tawa, ya san kukan amalanken Baba Alƙasum. Ƙafar hagu ce mai kukan, kuma da gangan Baba ya ƙi sa mata mai, wai da ita matan layi ke sanin lokaci ya yi na fito wa itatuwansu da ruwa. Da an idar da sallar asuba zai zagaya bayan masallaci, inda ya binne rabin duro a ƙarƙashin wurin alwala, ya kwashe abin da ya taru ya ɗura a jarkoki. Wannan ruwan na marayu ne. Haka yake kiran itatuwan da ba su da ƙofar gida a gabansu, irin na jikin katangar lakwal, wato makarantar boko, da na bakin kwalta. Sauran kuwa kowane da gidan da ke shayar da shi. Yana tafe yana leƙa gindinsu, ya tsoma yatsa a ƙasa, wani lokaci har ya ɗebo ya shinshina. In ya ji ƙanshin sabulu, matar gidan ta shiga uku, domin sai ya tsaya a zaure ya yi sallama ya karanto mata laifinta tun daga farko, ko da tana tsakiyar daka.

Da hantsi sai ya ajiye amalanke ya ɗauki zarto da igiya. Ya zare ƙusar da wani mai shago ya buga don rataye haja, ya gyara ƙayar da ya kewaye ƙananan itatuwa da ita saboda awaki, ya hau wanda reshensa ya bushe ya yanke, ya shafe bakin yankan da laka haɗe da kashin shanu. Gatari kam ba a taɓa ganinsa a hannunsa ba. Ya ce gatari na mai gaggawa ne, shi kuwa ba inda za shi.

Ni tela ne. Kekena na zaune a inuwar ɗaya daga cikin itatuwan dogon yaron da ya shuka, kuma a nan gashina ya fara furfura, saboda haka abin da zan faɗa ba labarin wani ba ne. Na ɗauki alƙalami ne domin bana Baba Alƙasum ya sauko daga kan itace, saukowar da ba hawa bayanta, kuma yadda ya sauko ɗin ya isa a yi guɗa. Wallahi har yanzu in na tuna sai in ji ƙafata ta ƙara sauri a kan keke.

Ba ma'aikacin ofis ba ne. Lebura aka ɗauke shi yana saurayi, lokacin da aka yi wani aikin dashen itatuwa a bakin hanyoyi bayan shekarun fari. Aikin ya ƙare, masu shi suka naɗe kayansu, leburori suka watse, yawancinsu suka bi hanyar da Adarawa suka saba bi zuwa Abijan da Legas. Shi ya tsaya. Da aka tambaye shi dalili, cewa ya yi bai ga wanda aka bar wa itatuwan ba, kuma ba ya iya wucewa ta gabansu yana kallon wani gefe.

Awaki sun ba shi wahala, rashin ruwa ya ba shi wahala, amma babban abokin gabarsa Sallar Layya ce. Mu nan kowa ya san yadda muke gasa ragonmu. A feɗe shi, a buɗe shi, a gicciya sanduna biyu dogaye a cikinsa, a jingina kewaye da wuta a ƙofar gida tun daga azahar har faɗuwar rana. Kowane rago da sandunansa, kuma ɗanyu ake so don kada wuta ta cinye su. A da daga daji ake kawo su. Da daji ya yi nisa sai idanu suka dawo kan na cikin gari. Jajibirin Salla za ka bar layi da inuwarsa, ka wayi gari ka tarar da itatuwa tsirara, wasu an sare su tun daga wuya. Waɗanda suka tsira daga gatari kuma a hura wuta a gindinsu, don mai gashi shi ma inuwa yake so, ɓawo ya ƙone, bayan wata biyu itace ya bushe a tsaye. Dokar ƙasa ta hana, kowa ya sani, amma ranar Salla ma'aikacin gandun daji ma ragonsa ne a gabansa.

Shekarun farko da faɗa Baba ya yi su. Wanda suka fi kwasa da shi shi ne Jibrilla mahauci, wanda gidansa ke can ƙarshen layi, kuma gidaje da yawa ke kai masa ragunansu ya gasa musu. Wata Salla Jibrilla ya jera itacen wuta dab da gindin dogon yaron ƙofarsa. Baba ya yi magana, Jibrilla ya ce masa ya je ya yi wa awaki wa'azi. Sai Baba ya tattara rigarsa ta Salla ya zauna tsakanin wutar da itacen, ya jingina bayansa da gindi, ya ce a ci gaba da gashi. Ina wurin. Na ga gefen rigar ya fara hayaƙi, kuma abin ya yi mini ciwo sau biyu, domin ni na ɗinka ta. Jibrilla ya yi ta zage-zage, amma da hannunsa ya janye wutar zuwa tsakiyar fili.

Kai ne, Baba, ka gane a ranar cewa mutum ɗaya ba shi da rigunan da za su ishi wutar gari. Kai ne ka je gaban mai unguwa ka ce ba hani ka zo da shi ba, rabo ka zo da shi. Mutane sanduna suke so, itace kuma na iya bayarwa in an tambaye shi da hankali.

A zauren mai unguwa aka ƙulla dokar layinmu, aka kai wa ma'aikatan gandun daji suka duba suka amince. Ba mai hawa itace da ƙarfe sai Baba. Ana gab da Layya zai bi itatuwa ya yanko miƙaƙƙun rassa da zarto, a tara a ƙofar masallaci, kowane gida ya ɗauki daidai ragunansa. Gidan da ya ɗauki sanda kuwa ya ɗauki itace ɗaya ke nan, shi zai shayar da shi duk rani. Ganye ga mai zazzaɓi ba a hana ba, amma ɓawo ba a taɓawa. Wuta sai ta fita daga iyakar inuwar azahar. Sai babbar cikinsu, wadda komai ya rataya a kanta: itacen da ya bayar bana, baɗi hutu zai yi. Wannan ce mai wuyar riƙewa, domin wanda aka yanka bara shi ne ke fitar da sababbin rassa santala-santala masu jan ido, in ka sake yanke su kuwa ka karya shi. Ganye kan rufe wurin yanka cikin damina ɗaya, daga ƙasa ba ka bambancewa. Itatuwan sun haura ɗari, Baba kuma ya ce kansa ba rumbu ba ne. Don haka bayan kowace Salla yake zagaye gindin wanda ya bayar da zoben farar ƙasa, wanda zai bayar baɗi kuma da zoben jar ƙasa.

Haka muka rayu har 'ya'yanmu suka girma suna tsammanin inuwa daga sama take faɗowa. Mutanen wasu unguwanni kan zagayo da gawa ta layinmu in za su maƙabarta da rana tsaka, masu tallan fura kan yada zango, direbobin da ke lodin Barmu da Takanamat kan bar tasha su zo nan su miƙe ƙafa. Amma shi mai aikin bai taɓa sakin jiki ba. Ranar Salla ba ya zama. Da an sauko daga idi zai ɗauki sandarsa ya bi wuta ɗaya bayan ɗaya har magariba, namansa sai ya huce yake ci. Kuma akwai maganar da ya sha faɗa mini in ya zauna a bencina yana shan iska:

“Tela, kak ka ruɗi kanka. Ni suka jin tsoro, ba doka ba. Ranad da nib bar hawa icce, ranan nan gatari ka dawowa layin ga.”

Nakan ce masa Allah ya kiyaye, amma a raina ban san ko gaskiya ya faɗa ba.

Bana, da zafin bazara ya kai inda ya kai, wata guguwa ta tsage reshe a kan katangar lakwal. Baba ya hau ya sauke shi, ƙafa ta zame, ya faɗo a kan kafaɗa. 'Yarsa Nasiratu, wadda ke aure a Bambeye, ta zo ta ɗauke shi zuwa wurin wani maɗori na can. Maɗori da likita ba su cika haɗa baki ba, amma a kansa sun haɗa: ya gama hawa itace. Nasiratu ta ce mini ciwon bai hana shi barci ba kamar lissafin Layya da ke matsowa. Duk wanda ya je gaishe shi daga Tawa, kafin ya amsa gaisuwa sai ya tambayi ko an fara wasa gatari.

A cikin wannan hali Abdulrazak ɗan marigayi Dodo ya dawo daga Abijan yin Salla. Ya bar gida tun itatuwan ba su wuce tsayinsa ba, ya dawo magidanci da tumbinsa, ya tarar da layi ya rufe da inuwa. Mutumin nan har hawaye ya yi. Da ya ji wanda ya yi aikin na kwance a ƙauye kuma gobe zai dawo, sai ya ce wallahi sai an tarbe shi kamar gwamna. Ya tara samarin fada, wato majalisarsu ta shan shayi, ya sayo buhunan farar ƙasa, tun da sassafe suka bi itatuwa suna kankare gindi da burushin ƙarfe don fenti ya kama sosai, suka shafe kowane fari fat daga ƙasa zuwa ƙirji, yadda ake yi in babban baƙo zai shigo gari. Kada ku tambaye ni ina muke. Ni kaina na cikin ɗinkin Salla, masu kaya sun tsare ni kamar na ci musu gado. Da muka ɗago muka ga layi, yabawa muka yi. Har hotuna aka ɗauka.

Mota ta sauke Baba da hantsi, hannu a rataye, Nasiratu na riƙe da jakarsa. Samari suka fara tafi. Ya tsaya a bakin layi ya dubi dama, ya dubi hagu, ya taka zuwa itacen farko ya sa farce ya kankara. Ba ja, ba tsohon fari, sai ɓawo a goge. Ya je na biyu, haka. Tafin ya mutu da kansa. Abdulrazak ya matso da fara'arsa ya durƙusa, ya ce Baba duk don kai anka yi. Baba ya dube shi, ya ce Allah ya yi masa albarka, ya nemi bencina ya zauna. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Da faɗa ya yi da mun ji sauƙi.

Kafin azahar magana ta zagaye layi. Salla saura 'yan kwanaki, raguna na kuka a kowane gida, mai hawa ba ya hawa, alama kuma ta tafi. Maza suka taru a gaban shagona. Wani ya ce bana dai a yi haƙuri kowa ya yanki na ƙofarsa, baɗi a dawo kan doka. Wani ya ce ai shekara ɗaya ba ta kashe itace. Na ga mutum biyu sun zame sun nufi gida, na kuma san abin da suka je ɗaukowa. Baba na nan kan bencina. Ya sunkuyar da kai yana jiran abin da ya daɗe yana faɗa.

Sai ga Inna Hajaratu, gwauruwar da ke tuyar ƙosai kusa da masallaci, ta ratso maza da bokitinta a hannu. Ba ta yi wa kowa magana ba sai Baba.

“Malam Alƙasum, mi ad damuwa? Nau na san shi. Ni ka ba shi ruwa safe da marece. Bara ya bada, bana hutu shikai. Wanda yat taɓa min shi, ni da shi.”

Ta juya ta tsoma hannu a jar ƙasar bakin kwata, ta ce wa maƙwabciyarta ta fito, ai na maƙwabciyar ne mai bayarwa bana, ta tuna bara ko ganye ba a taɓa masa ba. Matar ta leƙo daga zaure ta ce haka ne. Inna Hajaratu ta zagaye gindin da ja a kan sabon fentin.

Jama'a, abin da ya biyo baya sai wanda ya gani! Kamar an buɗe famfo. Zaure bayan zaure mata suka fito, wasu da muciya a hannu, wasu da goyo, kowace ta tsaya a gindin nata. Wannan ta ce bara aka yanki nata, ranar da ɗanta ya dawo daga Agadas. Waccan ta ce nata bara ya huta, har ta yi mita sandunan da aka ba su daga na lakwal ne. Inda mace ta manta, gardama ba ta tashi ba, maƙwabta ne suka tuna mata. Liman ya ba da shaidar na masallaci, mai gadin lakwal ya ba da ta marayu. Inda aka yi ta ja-in-ja aka rasa tabbas, sai wani dattijo ya ce in ana shakka a bar itace ya huta, kowa ya ce haka za a yi. Mutum biyun da suka je ɗauko gatari sun dawo, suka ga yadda layi ya koma, suka ɓoye abinsu a bayan riga suna ta gyaɗa kai kamar da su aka fara.

Aka gangara har ƙarshen layi, ƙofar Jibrilla mahauci. Nan taro ya ja ya tsaya. Itacensa shi ne mafi girma, rassansa miƙaƙƙu sun fi na kowa yawa, matarsa ta rasu bara waccan, gidan kuma ba maƙwabci ta gefe ɗaya. Ba mai shaida sai shi. Ragunan mutane cike da garkarsa, in ya ce mai bayarwa ne ba wanda zai musa. Baba ya taso daga benci ya biyo mu a hankali, ya tsaya a bayan taro. Jibrilla ya ɗaga kai ya dubi rassan nan, ya haɗiyi yawu, ya dubi tsohon abokin faɗansa.

“Alƙasum, kai ma ka san da son raina na. Amma bara ya bada. A bar shi.”

Inna Hajaratu ta rangaɗa guɗa, sauran mata suka karɓa. Ni dai na tsinci kaina ina rungume da mahaucin da ban taɓa shiri da shi ba, rigata duk maiƙo. Da na waiga, Baba ya juya mana baya yana gyara ɗaurin hannunsa, ɗaurin da ba abin da ya same shi.

Saura mai hawa. Abdulrazak, wanda tun hantsi yake neman ramin da zai shige, ya tuɓe babbar riga ya ce shi ya ɓata, shi zai hau. Baba ya aika aka ɗauko zarto, ya miƙa masa da hannun da ke da lafiya. Kwana biyu ɗan Dodo na sama da tumbinsa, samarin fada na karɓar rassa, Baba na ƙasa yana ba da umarni da faɗan da muka yi kewarsa: ba nan ba, can, karkata zarton, wa ya ce ka bar kututture, ina lakar? Muryarsa ta dawo gaba ɗaya, har ta fi da.

Sandunan ba su isa ba, tun da itatuwa da yawa sun tafi hutun shakka. Ba wanda ya yi ƙorafi. Mai walda ya ba da aron rodi, aka fito da ƙarafan tsofaffin gadaje daga bayan ɗaki, Jibrilla ya ƙone su ya wanke tas. Gidajen da ba su taɓa haɗa wuta ba suka haɗa, aka yi doguwa guda a filin tsakiya, raguna suka jeru hagu da dama. Ban taɓa ganin Sallar da aka yi dariya irinta ba.

Da aka sauko daga idi Baba ya ɗauki sandarsa kamar kullum, duk da Nasiratu ta hana. Ya bi layi daga farko zuwa ƙarshe yana neman wutar da ta shiga inuwa. Bai samu ba. Ya dawo ta ɗaya gefen yana leƙa gindin itatuwa ko wani ya zubar da toka mai zafi. Babu. Ya iso shagona ransa a ɗan ɓace, ya ce mini yau ya rasa wanda zai yi wa faɗa. Inna Hajaratu ta shimfiɗa masa tabarma a gindin nata mai hutu, Jibrilla ya kawo masa hanta tana tururi. Ya ci da zafinta. Kafin la'asar muka ji minshari, iyaye suka riƙa kama yara suna nuna musu su bi ta can gefe.

Uban inuwa, mai zarto ba gatari, mun gode. Kai ne ka tsaya da kowa ya tafi. Kai ne ka ba da rigarka ga wuta, ka ba da kafaɗarka ga katangar lakwal, ka shekara da shekaru kana cin nama mai sanyi don mu samu inda za mu zauna. Abu ɗaya ka yi kuskure a kai, kuma ina murnar faɗa maka shi a gaban jama'a: ba tsoronka kaɗai muke ji ba. Ruwan da ka tilasta mana zubawa kullum safiya, shi ya sa kowa ya san nasa, wanda ka sani kuwa ba ka iya ɗaga masa gatari.

Ku kuma na sauran unguwannin Tawa, da na Barmu da Bambeye da duk inda ake jingina rago a bakin wuta, ba sai kun jira an aiko muku da wani daga ofis ba. Ku zauna da mai unguwarku, ku nemi izinin masu gandun daji, kowane gida ya ɗauki itace ɗaya, ku bar wanda ya bayar ya huta. In da wani Alƙasum a cikinku da kuke kira mai fitina, ku kai masa hanta tun tana da zafi, tun yana da haƙoran ci.

Washegarin Salla kowane gida da kansa ya fito ya zagaye itacensa da zobe, amalanke kuma ya wuce da kukansa a hannun samarin fada, an gargaɗe su kada su sa masa mai. Ka yi barcinka, Baba. Ka bar hawa, kuma gatari bai dawo ba.